Wace kalma za mu ba "semi-quantitative" da Hausa?

1/ 'Yan'uwa masu aiki da duwatsu da ma'adinai, ina neman shawararku. Ina rubuta bayani kan yadda ake gwada sakamakon na'urar eksire da ke gano ma'adinai a garin dutse, sai wannan kalma, mai nufin awon da ke ba da adadi na kusa ba na daidai ba, ta tsaya mini a wuya.

2/ Wani ya ce "rabin awo". Ban gamsu ba, don awon an kai shi ƙarshe. Wani ya ce "kintace", shi kuma ya rage wa aikin daraja, tunda akwai lissafi a ƙarƙashinsa.

3/ Ku duba yadda abin yake. Ana niƙa samfur ya yi laushi, a danna shi a ɗan faranti, haske ya buge shi, kowane ma'adini ya fitar da tsininsa a kusurwarsa a zanen sakamakon. Idan hasken daga jan ƙarfe yake, babban tsinin kwaz (ma'adinin da ya fi yawa a yashi) yana fitowa wajen digiri 26.6. Daga tsawon tsinin ake fitar da kaso, a gwada shi da na korandam, ma'adinin da ake ɗauka a matsayin ma'auni. Amma ƙwayoyin yumɓu falle-falle suke, da an danna sai su kwanta a fuska ɗaya, tsininsu ya kumbura. Ka danna da ƙarfi yau, gobe ka sassauta hannu, adadi ya sauya, alhali ƙasar ita ce dai.

4/ Shi ya sa nake son "awon kwatankwaci". Kalmar tana cewa adadin kusa yake da gaskiya, kuma tushenta kwatantawa ne, wato aikin da sakamakon ya fi dacewa da shi: samfurin nan ya fi wancan kwaz, muddin hanya ɗaya aka bi wajen shirya su.

5/ Har a lissafi sunan yana tunatarwa. Kason ma'adinai dole ya haɗu ya ba da 100, don haka idan kwaz ya hau, sauran za su sauka ko da ba abin da ya same su. Tun 1982 John Aitchison ya nuna a riƙa ɗaukar logaridim (wata dabarar lissafi) na kason wannan ma'adini bisa na wancan kafin a gwada. Ni kuma ba na yarda da bambanci tsakanin samfura biyu sai na shirya kowanne sau uku na ga ya wuce saɓanin da ke tsakanin maimaicin.

6/ Damuwata ɗaya, kalmar ta yi tsawo. "Awon kwatance" ya fi sauƙi a baki, sai dai ma'anar kusanci ta ɗan ɓace. Wanne kuka zaɓa?