Tsawon harsashin ɗurin hannu: saiti yake gyarawa ko cijewa kawai yake hanawa?

Maƙeri: Assalamu alaikum. Ina da magana wadda na san ba kowa za ta yi wa daɗi ba. Masu ɗura harsashin fistol da hannu don gasa suna ɓata lokacinsu wajen neman wai tsawon da ya fi saiti. Ilimin doguwar bindiga ne aka kwaso aka jibga wa fistol. A fistol aikin tsawo biyu ne tak: harsashi ya taso daga magazin ya shige mazauninsa ba gardama, kuma kada kansa ya daki zanen cikin bututu, wato layukan da ke sa harsashi juyawa, kafin bindiga ta rufe. In an samu waɗannan, a ajiye ma'auni a tafi atisaye.

Mai Yadi Hamsin: Wa alaikumus salam. Malam Maƙeri, ka yi mana kuɗin goro. Wace gasa kake nufi? Irin wadda ake yi a Camp Perry ta jihar Ohio a Amurka, da hannu ɗaya ake harbi daga yadi 50, da'irar maki 10 kuwa faɗinta inci 3.36 ne, ta tsakiyarta ba ta kai inci 2 ba. Bindigar da take tara harbi cikin inci 3 ta riga ta cinye maka filin kuskure tun kafin hannunka ya motsa. Masu ɗura harsashin .45 ACP da kan dalma mai kafaɗa, na giren 185 ko 200 (giren ma'aunin nauyin kai ne), sun daɗe suna barin kafaɗar ta leƙo saman bakin kwanso kamar kaurin farcen babban yatsa. Ba don ado suke yi ba. Kafaɗar ce take daidaita harsashin a tsakiyar maƙogwaron bututu, wato wurin da ke tsakanin mazauni da farkon zane, ya shiga zane a miƙe.

Maƙeri: Yaya, ai ka taimake ni. Wannan kaurin farcen surar kan harsashin ce da maƙogwaron bututu suka yanke shi. Ka ƙara kaɗan bindiga ta ƙi rufewa, ka rage da yawa bakin kwanso ya riƙa karo da gangarar da harsashi yake hawa zuwa mazauni. Tazarar da ta rage maka ta yin wasa 'yar mitsitsiya ce. Ina binciken saiti a nan?

Hajiya Mai Lissafi: Ku bari in kawo lissafi daga ɓangaren IPSC da USPSA, ƙungiyoyin gasar harbi ta sauri, inda masu ɗurin hannu da yawa suke. A can ana raba maki da daƙiƙoƙin da mutum ya ci. A ce zango mai harbi 32, maki 160, ka gama a daƙiƙa 20, sakamakonka 8.0. Harbi ɗaya ya zame daga yankin A na tsakiyar allo zuwa C na gefensa a ƙaramin aji, wato na harsashi mai ƙaramin ƙarfi, ka rasa maki 2, ka koma 7.9. To bindiga ta cije sau ɗaya, ka ci daƙiƙa 3 kana bugun magazin kana jan silaid, wato saman bindiga mai zamewa: 160 a raba da 23, ba ka kai 7.0 ba. Cijewa ɗaya ta yi ɓarnar harbi goma da suka fita daga tsakiya. Yankin A na allon USPSA kuma faɗinsa santimita 15 ne, tsayinsa 28. Wanda zai sayar da lafiyar ciyarwa don ya rage rabin inci a tarin harbinsa bai yi ciniki ba.

Ɗan Auta: Manya, ku yi haƙuri in tsoma baki, ni sabon shiga ne. Na ga an rubuta cewa tsawon 9mm inci 1.169 ne. Na ɗura nawa ƙasa da haka, amma silaid ba ta rufewa duka, kuma da na ja ta da ƙarfi sai na ga zane-zane a jikin kan harsashin. Me ya jawo?

Maƙeri: Ƙanena, kada ka harba ko ɗaya daga cikinsu. Wannan 1.169, wato milimita 29.69, iyakar sama ce da hukumar SAAMI, mai tsara ma'aunin harsasai a Amurka, ta sa don harsashi ya shiga kowane magazin. Ba ta ce kowane kan harsashi zai zauna a kowane bututu a wannan tsawon ba. Abin da yake taɓa zane kafaɗar kan ce, ba tsininsa ba. Kai mai faffaɗan goshi ko mai rami a baki yakan kai faɗinsa da wuri, sai ya daki zane alhali ma'auni yana nuna maka gajere ne.

Ga yadda ake yi. Ka cire bututun daga bindiga. Ka haɗa harsashin gwaji wanda babu albarushi babu abin tashi a cikinsa. Ka riƙe bututun baki ƙasa, ka saki harsashin cikin mazauni. Za ka ji ya ce ƙwas, ƙarar bakin kwanso a kan dakalinsa. Ka murza shi da yatsa, ya juya sakayau. Ka kifa bututun, ya faɗo da kansa. In ya ƙi, shafa wa kan baƙar maka ka sake sakawa, inda tawada ta goge nan yake gogar zane. Ka riƙa nutsa shi kaɗan-kaɗan har ya daina, sannan ka ƙara ɗan rata saboda bambancin da ke tsakanin kai da kai.

Hajiya Mai Lissafi: A nan ne nake jin tsoron maganar "ka nutsa shi kawai". Ɗan Auta, saurara da kyau. Cikin kwanson 9mm bai kai cc ɗaya ba, kusan 0.86 ne, kuma kan harsashi yana cinye wajen rabinsa. Faɗin kan milimita 9 ne, don haka duk milimita ɗaya da ka nutsa ya ɗauke kusan cc 0.064. Fiye da kashi 10 cikin 100 ke nan na ɗakin da ya rage wa albarushi. Albarushin fistol mai saurin ci ne, matsinsa ba a hankali yake hawa ba in ɗaki ya ragu. Iyakar matsi ta SAAMI ga 9mm psi 35,000 ce, .40 S&W ma haka, .45 ACP kuwa 21,000. Duk wanda ya rage tsawo ƙasa da na teburin ma'auni na kamfanin albarushinsa, ya koma ma'aunin farawa ya sake hawa. Kuma a tabbata kwanso ya riƙe kan da kyau. In kai yana nutsewa da kansa duk lokacin da ya daki gangara, tsawon da ka auna a tebur ba shi ne ya tashi a bindiga ba.

Mai Yadi Hamsin: Hajiya, Allah ya saka da alheri, wannan ba mai ja. Amma ki lura abin da kika faɗa hujjata ce. In tsawo yana canza matsi, yana canza yadda albarushi yake ci. Wani albarushin ba ya ci sumul sai matsi ya kai wani mataki, kuma na'urar auna gudu tana nuna haka: tazarar da ke tsakanin mafi sauri da mafi jinkiri sai ta ragu. A yadi 50 wannan yana fitowa a takarda.

Maƙeri: To ai albarushi ka gyara ta bayan gida. Da ka bar tsawon yadda yake ka taɓa ma'aunin albarushi, da ka isa wuri ɗaya.

Mai Dogon Arba'in: Ni dai ina ɗura .40 dogo, kuma ba don saiti ba ne. Iyakar tsawon .40 S&W inci 1.135 ce tun fitowarsa a 1990. Amma bindigogi samfurin 2011 daga samfurin 1911 suka samo asali, magazin ɗinsu an yanka shi ne a kan tsawon .45 ACP da .38 Super, wato 1.275 da 1.280. Gajeren harsashi a doguwar rijiya yakan zame gaba ya dunkuya da kai. Shi ya sa masu ajin Limited da Standard da yawa suke kai shi wajen 1.180 ko sama, in maƙogwaron bututunsu an buɗe shi don haka. Riba ta biyu, ana neman babban aji na ƙarfin harsashi, 165 a USPSA, 170 a Standard na IPSC, wato nauyin kai a giren sau gudu a ƙafa cikin daƙiƙa, a raba da 1,000. Ƙarin ɗaki yana sa a kai wannan gudun da sassaucin matsi. Sai dai harsashin nan ba zai shiga magazin ɗin Glock ba. Haka masu CZ Shadow 2 suke komawa gajere da wasu kawunan saboda maƙogwaronta a kusa yake. Bindiga ce take faɗin tsawonta.

Mai Yadi Hamsin: Tana faɗin iyaka biyu, ta sama da ta ƙasa. Tsakaninsu ai zaɓi ne, kuma ni na ga bambanci a tsakanin nan da bindiga ɗaure a na'urar riƙe bindiga ta Ransom Rest, ba hannun mutum a ciki.

Hajiya Mai Lissafi: Harbi nawa a kowane tari, Yaya? Tarin harbi biyar daga akwati ɗaya, tsawo ɗaya, yakan fito ƙarami yanzu ya fito babba an jima. Mutum sai ya gwada tsawo huɗu, ɗaya ya yi sa'a, ya rubuta shi a littafinsa. Sannan ma'auni daga gindi zuwa tsini yake aunawa, tsinin kawunan dalma kuwa ba ɗaya ba ne ko a buhu guda. Sai an auna daga gindi zuwa kafaɗa kafin a ce an san ratar da ke tsakanin kai da zane.

Mai Yadi Hamsin: Goma-goma nake yi, kuma ina maimaitawa. Ban ce bambancin babba ne ba. Na ce yana nan, kuma a gasarmu maki ɗaya yana raba na farko da na biyu.

Maƙeri: To mu yi shi yadda ba mai ƙorafi. Tsawo biyu, duka sun wuce gwajin bututu, kai iri ɗaya, kwanso iri ɗaya. A daidaita albarushi cikin iyakar tebur har gudunsu ya zo ɗaya a na'ura. Wani ya zuba su a magazin ba tare da mai harbi ya san wanne ne wanne ba. Tari biyar na harbi goma ga kowanne, a yadi 50.

Mai Yadi Hamsin: Na yarda, da sharaɗi ɗaya: a yi da kan dalma mai kafaɗa a .45, a kuma yi da mai rigar tagulla a 9mm. Ba hali ɗaya gare su ba wajen shiga zane.