Ɗan yayana ya fito SS, ni kuma saura wata biyu bikina da ɗan baffanmu

'Yar Gwale: Salamu alaikum, shawara nake nema. Ɗan yayana mai shekara ɗaya ya kwanta a asibitin yara na Hasiya Bayero, hannu da ƙafa a kumbure, gwaji ya nuna SS ne, wato sikila. Abin da ya ɗaure mana kai, takardar da Yaya ya yi aure da ita AA ta ce. Ni AS ce. An sa ranata da ɗan baffanmu, shi ma takardarsa AA, kuma wuri ɗaya suka yi gwajin da Yaya. In ce ya sake? Yaya zan tunkari Baffa a gwada 'yan gidan ba tare da an ce na tona asirin dangi ba?

Abu Sadik: Ki je ki yi gwaji kawai. Tun 2024 Gwamna Abba Kabir Yusuf ya sa hannu a doka, ba a ɗaura aure a Kano sai da takardar gwajin jini, ciwon hanta da ƙanjamau.

'Yar Gwale: Malam, ai na ce na san nawa.

Maman Khalifa: Ƙanwata, wallahi ki sa ya sake, ko za a fasa auren. Mijina ma AA aka rubuta masa. Da Khalifa ya fito SS, uwar mijina ta tara 'yan'uwa ta ce a tambaye ni inda na samo ɗa. Wata bakwai ina gidanmu a Kurna, ga goyo ba lafiya, ga sunan da aka ɓata mini a unguwa. Sai da likita ya matsa aka sake ɗibar jinin mijina, ya fito AS. An mayar da ni ɗakina, amma har yau ba wanda ya ce mini yi haƙuri. Duk sanyin hunturu a asibiti muke kwana, yaron yana cewa Umma ƙashina. Ba na wa maƙiyina fatan jin wannan kukan.

Ummu Hanan: Allah sarki, Allah ya saka miki. Hawaye nake.

Mai aikin lab: Yaro ba ya zama SS sai ya ɗauko S daga uwa, ya ɗauko daga uba. AS da AS, kowane ciki yana da kashi 25 cikin 100 na SS, 50 na AS, 25 na AA. Kowane ciki lissafinsa daban, ana iya jera SS uku. Ki fara da iyayenku: in Baba ne AS, daga kakanninku ya gado, Baffa da 'ya'yansa ma suna iya ɗauke da shi. Ku nemi HPLC, wato gwajin jini na na'ura da ya fi na yau da kullum tantancewa. Wanda aka yi wa ƙarin jini kuma ya jira wata uku, jinin wani yana rikita sakamako.

Ɗan Fagge: Naira 2,000 na yi nawa.

Ummu Hanan: Wace shekara? Wancan watan 5,000 na biya.

Mai aikin lab: Gwaji daban-daban kuke faɗa. HPLC da na tura ƙanena ya yi ya haura 15,000.

Baban Ilham: Yanzu kowa ya zama likita. Iyayenmu sun yi auren zumunci ba gwaji, ga mu nan. Ki yi istihara, ki bi manya.

Maman Khalifa: Baban Ilham, tambayi Hajiyarku yara nawa aka binne ana cewa amosani ne ko iska. Wanda bai taɓa kwana yana neman leda ɗaya ta jini ba ya bar mu mu yi magana.

Baban Ilham: Ban hana gwaji ba, Hajiya. Amma yarinya ba ta tunkarar baffanta, mahaifinta za ta samu.

Ɗan Fagge: In an fasa, ga ni AA gangariya, an gwada sau uku, kuma ina da shago a Kwari 😄

Ummu Hanan: Ba lokacin wasa ba ne. Ni abin da ke ci mini rai masu sayen takarda. A layinmu wani ya san AS ne, ya biya aka rubuta masa AA don kada ya rasa yarinyar. Wa yake duba takardun nan kafin liman ya karɓa?

Abu Sadik: Wasu waliyyan ko buɗe ta ba sa yi, daga ambulan sai aljihu.

Maman Khalifa: Ga hydroxyurea, maganin masu sikila, da kullum kuɗinsa ke hawa. Don Allah a ina kuke samunsa da sauƙi?