Yankin Ruhr na Jamus: ta yaya rashin aikin yi da ƙarancin ma'aikata suka haɗu a wuri ɗaya?

Mai Neman Sani:

Assalamu alaikum 'yan'uwa. Akwai wata tambaya da ta daɗe tana ci mini tuwo a ƙwarya, kuma ina roƙon waɗanda suka san yankin Ruhr da ke yammacin Jamus su warware mini ita. Ɗan yayata ya fara shirin tafiya Dortmund domin koyon sana'a, wannan ne ya sa na shiga bibiyar labarin wurin, sai na yi ta cin karo da maganganu biyu da suka saɓa wa juna. A gefe guda ana cewa kamfanoni da asibitoci suna kukan rashin ma'aikata, har gwamnati ta sassauta dokokin shige da fice domin a samo su daga waje. A ɗaya gefen kuma ana cewa birnin Gelsenkirchen, wanda ke tsakiyar yankin, yana cikin wuraren da suka fi ko'ina yawan marasa aikin yi a duk faɗin ƙasar. Idan aiki yana neman mai yi, me ya hana mutanen da ke zaune a bakin ƙofarsa su karɓa? Ina kuma son sanin ko har yanzu ƙarfe ne ƙashin bayan tattalin arzikin yankin, ko kuwa wannan zance ya zama tarihi. Allah ya saka da alheri.

Tsohon Maƙeri:

Wa'alaikumus salam, Malam. Duka maganganun biyu gaskiya ne, amma ba za a ga inda suka haɗu ba sai an koma baya kaɗan.

Ruhr ba birni ɗaya ba ne. Tarin birane ne da suka manne da juna a jihar Nordrhein-Westfalen, manyansu su ne Dortmund da Essen da Duisburg da Bochum da Gelsenkirchen, kuma mutanen da ke cikinsu sun haura miliyan 5. Kwal ne ya haife su, ƙarfe ya raine su. Kamfanin Krupp ya faro a Essen tun 1811, kuma a wajajen 1957 kusan mutum rabin miliyan ne ke cin abinci a mahaƙun kwal na yankin. Abin da nake so ka riƙe a nan shi ne irin aikin. Saurayi mai ƙarfi, ko da karatunsa bai yi nisa ba, yana iya shiga rami ko ya tsaya gaban tanderun narka ƙarfe, ya samu albashin da zai riƙe iyali, kamfani ya ba shi gida a unguwar ma'aikata, ɗansa ma ya gaje shi. Wannan aiki ne ya jawo mutanen Polan kafin yaƙin duniya na farko, daga baya kuma ya jawo 'yan Italiya bayan yarjejeniyar ɗaukar ma'aikata ta 1955 da Turkawa bayan ta 1961, har da mahaƙa daga Koriya ta Kudu.

Daga 1958 kwal ɗin Ruhr ya fara rasa kasuwa, domin yana da zurfi ƙwarai a ƙasa, haƙo shi na da tsada, ga man fetur da kwal ɗin waje mai araha sun shigo. A 1968 aka tattara yawancin mahaƙun a ƙarƙashin kamfani ɗaya, Ruhrkohle, gwamnati ta riƙa zuba tallafi shekara da shekaru domin kada a rufe su a lokaci guda. Sai a ranar 21 ga Disamba 2018 aka rufe ta ƙarshe, Prosper-Haniel da ke Bottrop, inda mahaƙa suka miƙa wa shugaban ƙasa Frank-Walter Steinmeier dunƙulen kwal na ƙarshe. Wato an ɗauki shekara 60 ana sauka a hankali. A ganina wannan abin yabo ne, domin ba a watsar da mahaƙan a titi ba: wasu an ba su fansho da wuri, wasu an mayar da su wata mahaƙar, wasu an sake koya musu sana'a. Sai dai tsarin ya kare uba ne, bai tanadi ɗa ba. Uban ya yi ritaya cikin mutunci, amma gurbin da ɗansa zai gada ya ɓace har abada.

Ƙarfe ma ya bi sahu. A ƙarshen 1987 ma'aikatan Krupp na Rheinhausen da ke Duisburg suka shiga gwagwarmayar da ta ɗauki kwana 160, har suka tare gadar kogin Rhein, amma duk da haka aka rufe masana'antar a 1993. A Dortmund kuwa, a farkon shekarun 2000 aka kwance wata babbar masana'antar ƙarfe ɗungurungum aka yi jigilarta zuwa ƙasar Sin. Hatta waɗanda aka kawo domin su maye gurbin kwal ba su ɗore ba: Nokia ta bar Bochum a 2008 ta koma Romaniya, kamfanin motoci na Opel da ya buɗe a garin a 1962 shi ma ya rufe a ƙarshen 2014.

Akwai wani abu da ba a cika ambata ba, wanda ni nake ganin shi ne tushen amsarka. Duk girman yankin nan, bai mallaki jami'a irin ta zamani ba sai da ta Bochum ta fara karatu a 1965, ta Dortmund ta biyo baya a 1968, ta Essen da ta Duisburg a 1972. An shafe fiye da ƙarni ana kallon wurin a matsayin matattarar masu aikin ƙarfi kawai, kuma gidan da kaka da uba ba su taɓa buƙatar takardar makaranta ba, ba ya sauya hali a dare ɗaya.

Ma'aikaciyar Jinya a Essen:

Baba Maƙeri ya shimfiɗa tarihin yadda ya kamata, ni kuma zan yi magana a kan abin da nake gani yau, domin a nan nake aiki.

Malam, aikin da ya tafi da aikin da ya zo ba iri ɗaya ba ne. Yanzu harkar lafiya da kula da tsofaffi ita ce ta fi ɗaukar mutane a Ruhr, fiye da mutum 300,000 ne ke cikinta, sai jigilar kaya, da kasuwanci, da jami'o'i, da manyan ofisoshi irin na kamfanonin makamashi E.ON da RWE da kamfanin sinadarai Evonik, waɗanda duk hedikwatarsu tana Essen. Yawancin guraben da ake kukan babu mai cike su, irin su jinya da aikin lantarki da haɗa bututun ruwa da na ɗumama gida da renon yara, ba a shiga su sai da takardar shaidar sana'a. A Jamus galibi ana samun wannan takarda ne ta hanyar abin da suke kira Ausbildung, wato koyon sana'a na shekara 2 zuwa 3 da rabi, inda mai koyo ke raba makonsa tsakanin wurin aiki da makarantar sana'a, ana biyan sa alawus, a ƙarshe ya zauna jarrabawa. Mafi yawan waɗanda suka daɗe ba su da aiki a biranen nan ba su da wannan takarda, wasu kuma harshen Jamusanci ne ya tsaya musu, wasu rashin lafiya, wasu mata ne masu renon yara su kaɗai da ba su samu gurbi a gidan reno ba. Shi ya sa a 2024, lokacin da rashin aikin yi a ƙasar baki ɗaya yake wajen kashi 6 cikin 100, na Gelsenkirchen ya haura kashi 14, alhali a wannan shekarar ɗin mu a sashenmu muna raba aikin mutum uku tsakanin mutum biyu.

Kuma ba daidai ba ne a yi wa yankin kuɗin goro. Babbar hanyar mota mai lamba A40 ta ratsa shi daga gabas zuwa yamma, kuma duk mazaunin nan ya san cewa kudancinta ya fi arewacinta wadata. Dalilin a ƙasa yake: an fara haƙar kwal ne a kudu kusa da kogin Ruhr, aka riƙa bin sa zuwa arewa inda ya fi zurfi, don haka kudu ta riga ta rabu da shi ta samu lokacin farfaɗowa, arewa kuwa ita ce ta ƙarshe da aka rufe wa ramuka. A Essen tafiyar minti kaɗan a jirgin ƙasa ce ke raba unguwar da kusan kowane yaro ke zuwa makarantar share fagen jami'a da unguwar da ƙalilan ne ke zuwa. Abin da ya fi damu na shi ne cewa biranen da suka fi buƙatar makarantu masu kyau su ne bashi ya fi yi wa katutu, domin kuɗin harajinsu ya ragu a daidai lokacin da nauyin tallafa wa marasa galihu ya ƙaru.

Game da ɗan yayarka, shawarata ita ce kada ya ɗauki harshe da wasa. Galibi ana neman matakin B1, wato matsakaicin matakin iya Jamusanci, kafin a ba da bizar koyon sana'a, amma wannan mataki na shiga ƙofa ne kawai, a aji da jarrabawa zai buƙaci fiye da haka.

Direban Sito:

Hajiya, na yarda da kusan duk abin da kika faɗa, amma ina da gyara ɗaya. Idan aka ce takarda ce matsalar, sai mai karatu ya ɗauka cewa marar takarda ba ya samun aiki sam, alhali yana samu. Tambayar ita ce wane irin aiki.

Ni a Duisburg nake, ina tuƙa motar ɗaga kaya a sito. Tashar jiragen ruwan garin ita ce mafi girma a duniya cikin tashoshin da ba sa bakin teku, kuma tun 2011 jiragen ƙasa na kaya suke zuwa nan daga birnin Chongqing na ƙasar Sin. Filin nan na Rheinhausen da Baba Maƙeri ya ambata, inda aka yi gwagwarmaya, yau cibiyar jigilar kaya ce cike da manyan sito. Aiki ya dawo filin, wannan gaskiya ne, amma ba da daraja ɗaya ba. Ma'aikacin ƙarfe yana da ƙungiyar ƙwadago ta IG Metall a bayansa, kuma tun dokar 1951 wakilan ma'aikata suke da kujeru daidai da na masu hannun jari a majalisar sa ido ta kamfanonin kwal da ƙarfe. Mu kuwa da yawanmu ta hannun kamfanonin hayar ma'aikata muka shiga. Ni kaina na yi shekara biyu a haka, ana tura ni daga wannan sito zuwa wancan, ban san inda zan wayi gari a wata mai zuwa ba, kafin wani kamfani ya ɗauke ni kai tsaye. Albashin farko ba ya nisa da mafi ƙarancin albashi na doka, wanda ya faro da Yuro 8.50 a awa a 2015, ya kai Yuro 12.82 a 2025. Mutum zai ci ya biya haya, amma da wuya ya tara abin da uban maƙwabcina ya tara a masana'antar ƙarfe.

Saboda haka, Malam, ka gargaɗi yaron. Zai ga abokansa a sito suna karɓar kuɗin da ya fi alawus ɗin mai koyon sana'a, zuciyarsa ta raya masa ya ajiye koyon. Na ga matasa da dama sun yi haka, kuma duk ranar da odar kaya ta ragu su ake fara sallama.

Mai Neman Sani:

Na gode ƙwarai, Allah ya ƙara sani, kuma zan karanta wa yaron wannan gargaɗi da bakina. Saura rabin tambayata na biyu: shin ƙarfen ya mutu ne gaba ɗaya, ko da sauran numfashinsa?

Tsohon Maƙeri:

Bai mutu ba, Malam. Har yau Duisburg ce cibiyar sarrafa ƙarfe mafi girma a Turai, kuma masana'antar sinadarai ta garin Marl tana ɗaukar dubban mutane. Amma yana cikin tsaka mai wuya. A watan Nuwamba 2024 sashen ƙarfe na Thyssenkrupp, kamfanin da ya samu daga haɗewar Thyssen da Krupp a 1999, ya sanar da shirin rage guraben aiki 11,000 daga cikin kimanin 27,000 kafin 2030, wasu ta hanyar soke su, wasu ta hanyar miƙa su ga wasu kamfanoni. Dalilan a bayyane suke: makamashi ya yi tsada tun da gas ɗin Rasha ya yanke a 2022, ƙarfe mai araha daga Asiya ya cika kasuwa, kamfanonin motoci da ke sayen kaso mai yawa su ma sun rage oda, ga kuma kuɗin da ake biya a Turai kan hayaƙin da masana'anta ke fitarwa.

Fatan da ake da shi ya rataya ne a kan sabuwar hanyar tace tama, wadda za ta yi amfani da gas da farko, daga baya iskar haidurojin, a maimakon kwal. Gwamnatin tarayya da ta jiha sun yi alkawarin kimanin Yuro biliyan 2 domin gina irin wannan masana'anta a Duisburg. Ni ina goyon bayan yunƙurin, domin ƙasar da ke ƙera motoci da injuna ba za ta so ta dogara kacokan da ƙarfen waje ba, amma ina da fargaba biyu. Ta farko, haidurojin mai yawa kuma mai araha bai samu ba tukuna, sai an shimfiɗa bututai an kuma samar da wutar lantarki mai ɗimbin yawa. Ta biyu ta shafi tambayarka kai tsaye: ko da an yi nasara, sabuwar masana'antar za ta nemi masu aikin lantarki da masu kula da na'urori da kwamfuta, ba za ta ɗauki adadin mutanen da tsohon tanderu ya ɗauka ba. Idan ɗan yayarka yana da sha'awar masana'anta, ya dubi sana'ar lantarki ko wadda ke haɗa kanikanci da lantarki, domin ana neman masu su a masana'antar ƙarfe da ta sinadarai da tashar jiragen ruwa, har ma da tashoshin famfo da ke janye ruwa dare da rana daga unguwannin da ƙasarsu ta nitse saboda haƙar kwal, a wasu wuraren da fiye da mita 20, aikin da ba a sa masa ranar ƙarewa ba.