Kwamfuta tana zaune amma "memory" ya cika: me za mu kira shi da Hausa?

Jama'a, masu Hausa da masu gyaran kwamfuta, ku zo mu yi shawara. Mutum ya kunna kwamfutarsa, bai buɗe komai ba, ya danna Ctrl da Shift da Esc, Task Manager, wato tagar da ke nuna abin da kwamfuta take yi, ya fito, ya ga an rubuta Memory, a gefe kuma kashi 70 cikin 100. Hankalinsa ya tashi, ya zo yana tambaya. Me za mu ce masa ya cika?

Kada wani ya ce mini "memori". Wannan kalmar ta riga ta sami mai ita. A bakin mutane, memori shi ne ɗan katin nan da ake sa wa waya a zuba hotuna da bidiyo. Ka ce wa mutum memorinsa ya cika, abin da zai yi shi ne ya bi hotunansa yana gogewa, ya share bidiyon da ya daɗe yana adanawa, ya dawo ya tarar lambar nan tana nan a 70 ɗinta, ko gezau. Turancin ne ya haɗa abu biyu a kalma guda, mu kuma muka ara har da ruɗanin. Akwai wurin da fayil yake kwana ko an kashe wuta, wato hadis ko SSD ko katin waya. Akwai kuma wurin da kwamfuta take baza abin da take aiki da shi a yanzu, wato RAM. Na biyun nan nake nema wa suna.

Shawarar farko da ta shigo ita ce "ƙwaƙwalwa". Na san ana yawan rubuta haka, amma ban gamsu ba. Wasu da ita suke kiran firosesa, wato ɓangaren da ke yi wa kwamfuta lissafi, wasu kuma kwamfutar ɗungurungum suke ce wa mai ƙwaƙwalwa. Kalmar da take nufin abu uku ba za ta taimaki mai neman gyara ba.

Wani malami ya kawo "ma'adanar wucin gadi". Malam, Allah ya ƙara basira, wannan ta fi kusa, sai dai "ma'adana" daga adanawa take, shi kuwa wannan abu ba ya adana komai. Irin ram ɗin da ke cikin kwamfutocinmu, DRAM, Robert Dennard na kamfanin IBM ne ya ƙirƙiro shi, ya sami rajistar mallakarsa a 1968. Kowane ɗigon bayani yana zaune ne a matsayin 'yar wutar lantarki a cikin wani ƙaramin ma'aji, wutar kuma zurarewa take yi, dole a riƙa sabunta ta kusan duk bayan milisakan 64. Da an ɗauke wuta, komai ya tafi. Abin da sai an yi ta tuna masa sau goma sha wani abu a daƙiƙa guda, ina shi ina sunan ma'adana? Ga shi kuma duk wanda ya ji "ma'adana ta cika", gogewa zai sake tunawa.

"Teburin aiki" ma an ambata. Hoton ya yi daidai, amma Desktop, wato fuskar allon kwamfuta, ya riga ya zauna a kan teburin, za a yi karo.

Ni abin da nake so mu ɗauka shi ne "fagen aiki". Fage wuri ne da ake fitowa a yi abu a tashi, ba a kwana a cikinsa, kuma babu mai tunanin ajiya idan ya ji shi. Sandar da ake sokawa a cikin kwamfuta kuwa, a bar ta da sunan da masu gyara suke kiran ta, ram: ram mai gigabait 8, ram mai gigabait 16. Idan ana maganar abin da ke gudana a cikinta, sai a ce fagen aiki ya cika, ko manhaja kaza ta cinye fage.

Wani ɗan'uwa ya ce to me ya sa ba za a bar "ram" ɗin kawai ba, a huta. Ɗan'uwa, ai ban kore ta ba. Matsalar ita ce ram suna ne kawai, ba ya gaya wa mai ji komai game da halin abin. Ni kuwa ina so kalmar ta ɗauki rabin bayanin, domin yawancin masu zuwa da wannan kuka kwamfutarsu lafiyarta ƙalau. Fagen da babu kowa a cikinsa ba abin alfahari ba ne, asara ce.

Ga abin da ke faruwa. Windows ba ya son ganin ram a zaune. Tun Windows Vista a 2007 akwai wata hidima da ake kira Superfetch, wadda yanzu sunanta SysMain. Aikinta ta lura da manhajojin da ka saba buɗewa, ta ɗebo sassansu daga hadis ta shimfiɗa a ram tun kafin ka nema. Haka kuma idan ka rufe fayil, ba a share shi daga ram nan take, ana barin sa ko za ka dawo. Wannan shi ne abin da Task Manager yake kira Cached, ɗan'uwansa Resource Monitor kuma yake kira Standby. A nan Hausa ba ta sha wahala ba, muna da kalmar tun tuni: ko-ta-kwana. Ajiyar ko-ta-kwana. Da wata manhaja ta buƙaci wurin, za a kwashe a ba ta ba tare da jinkiri ba. Shi ya sa lambar da ta kamata mutum ya duba ita ce Available, wato abin da za a iya samu, domin ta haɗa wurin da babu komai da na ko-ta-kwana. Masu Linux, wani tsarin kwamfuta ban da Windows, sun daɗe da wannan rigima. Mutum ya rubuta umarnin free -h don duba ram ya ga layin free ya kusa ƙarewa ya firgita, har sai da aka ƙara lissafin available a 2014 don a raba gardama. Apple kuma a Activity Monitor sai ya kawo Memory Pressure mai launi kore da rawaya da ja. Muddin kore ne, komai cikar lambobin, ba abin damuwa.

Ban da wannan, shi kansa tsarin, wato Windows ɗin, yana da nasa kaso. Windows 11, da ya fito a 2021, mafi ƙarancin ram da yake nema gigabait 4 ne, saboda haka kwamfuta mai gigabait 8 ta nuna kusan rabi a riƙe tana zaune, wannan ba ciwo ba ne. Tun Windows 10 kuma ana matse abin da aka daɗe ba a taɓa ba a cikin ram ɗin maimakon a tura shi hadis, shi ne Compressed da ake gani a gefen In use. "Matsattse" ta wadatar, ba sai mun yi taro a kanta ba.

Ita ma kalmar idle, wato kwamfuta tana kunne amma ba a taɓa ta, ta ɗan ja mu. An ce "zaman banza", an ce "hutu". Ni dai "tana zaune" nake cewa, domin ba hutu take yi ba. Lokacin da ka ɗauke hannu ne Windows yake binciken ƙwayoyin cuta, yana jera fayiloli don saurin nema, yana sauke sabuntawa. Mai ita ne ya huta.

To yaushe ne cikar fage take zama matsala ta gaske? Idan Available ya ragu ƙwarai, kwamfuta ta fara nauyi, hadis yana ta aiki ba tsayawa saboda ana kwashe kaya daga ram ana zubawa a fayil ɗin pagefile.sys ana sake ɗebowa. Sai a jera shafin Processes bisa yawan ci a ga wa ke sama. Sau da yawa burauza ce da aka ce an rufe amma tana nan a ɓoye. Chrome tun fitowarsa a 2008 yake raba shafuka zuwa ayyuka daban-daban, kuma yana da nasa Task Manager, Shift da Esc ke buɗe shi, a nan za ka ga wane shafi ko wane ƙari da aka liƙa wa burauzar ne ya yi babakere. Sai manhajojin da ke tashi tare da kwamfuta, a shafin Startup ake kashe su. Masu amfani da WSL 2 kuma, wato masu gudanar da Linux a cikin Windows, su duba Vmmem a wannan jerin, domin idan ba a yi masa iyaka ba yana iya kaiwa rabin ram. A duba Hardware reserved ma, wato ram ɗin da aka keɓe wa na'urorin cikin kwamfuta, musamman a kwamfutar da ba ta da katin hoto na daban, domin daga ram ake yanka wa aikin hoto nasa. Idan kuwa tsohon Windows ne mai bit 32, ko ka soka gigabait 8 ba zai wuce 4 ba.

Inda na fi so mu tsaya shi ne memory leak, domin nan ne fassarar kai tsaye take yaudara. Kowa "yoyo" ya rubuto. Amma ku duba abin da ke faruwa. Babu abin da ke ɗiga waje. Manhaja ce take neman wuri a ba ta, ta gama aikinta, ta ƙi sakewa, ta sake neman wani, ta ƙi sakewa, har fage ya ƙare. Wanda ya ji yoyo zai zaci sandar ram ce ta lalace, ya tafi sayen sabuwa, alhali laifin na manhaja ne kuma sabuwar ma za ta cika, sai dai ta ɗan jima. Ina ba da shawarar "ƙin-saki". Manhajar nan tana da ƙin-saki. Wata 'yar'uwa ta ce "aro ba mayarwa", ni ma ta burge ni, sai dai ta yi tsawo idan za a maimaita ta sau biyar a bayani guda. Hajiya, mu riƙe taki don fassara ma'anar, mu yi aiki da gajeriyar.

Alamar ƙin-saki ita ce hawa ba sauka. Ajiyar ko-ta-kwana tana hawa tana sauka gwargwadon buƙata. Shi kuwa wannan, ka bar kwamfuta da safe a kashi 40, da yamma 60, washegari 85, ba ka taɓa komai ba. Idan manhaja ce ta fili, za ka ga lambarta tana ƙaruwa, ka rufe ta fage ya dawo. Mai wuyar shi ne idan ka tara duk lambobin da ke shafin Processes suka ƙi kai abin da aka ce an cinye. Dama ba sa cika kaiwa daidai, domin shafin ba ya nuna kason zuciyar tsarin Windows da direbobi, wato ƙananan manhajojin da ke sarrafa na'urorin kwamfuta. Amma idan giɓin ya kai gigabait da dama, a duba Non-paged pool a shafin Performance, wato kason ram da zuciyar tsarin da direbobi suke riƙewa ba a tura shi hadis. A bisa al'ada 'yan ɗaruruwan megabait ne. Idan ya haura zuwa gigabait biyu ko uku yana ci gaba, to wani direba ne yake da ƙin-saki, sau da yawa na katin intanet ko na manhajar tsaro. Manhajar RAMMap tana nuna yadda aka kasa ram ɗin gaba ɗaya, manhajar PoolMon kuma tana nuna alamar direban da ke ci. Maganin a sabunta direban ko a koma tsohonsa.

A nan ma kalma tana da aiki. Mukan ce "kashe ta ka kunna", muna nufin ko Shut down ko Restart, duk ɗaya. A Windows ba ɗaya ba ne. Tun Windows 8 a 2012 akwai Fast Startup: idan ka danna Shut down, ana ajiye zuciyar tsarin da direbobinta a hadis yadda suke, a dawo da su haka idan ka kunna. Wato direba mai ƙin-saki zai tashi da abin da ya riƙe. Restart ne yake farawa daga tushe. Wanda yake shakka ya duba Up time a ƙarƙashin CPU, wato firosesa, a shafin Performance, zai ga kwamfutar da yake kashewa kullum tana ƙirga kwanaki. Saboda haka mu bambanta "kashewa" da "sake tayarwa", kuma mai neman ƙin-saki sake tayarwa za a ce masa.

Manhajojin nan masu alƙawarin share ram da dannawa guda, ra'ayina a kansu gajere ne. Yawancinsu ajiyar ko-ta-kwana suke zubarwa, ko su tura kaya hadis. Lamba ta sauka, ido ya ji daɗi, kwamfuta ta ƙara nauyi domin sai ta sake ɗebo abin da aka zubar.

Wani ya yi ƙorafin cewa "fage" yana tuna masa fagen fama da fagen wasa, ya fi son "farfajiya". Ban ƙi ba, amma gwada ta a jimla: "farfajiyar aiki ta cika" da "fagen aiki ya cika". Ta biyun ta fi sauƙi a baki, kuma muna cewa fagen ilimi da fagen siyasa ba wanda ya nemi takobi.

Saura guda da ba mu taɓa ba, Committed. Task Manager yana nuna ta da lamba biyu, misali 9 bisa 20. Ta farko ita ce jimillar wurin da tsarin ya yi wa manhajoji alƙawari, ko sun fara amfani da shi ko ba su fara ba. Ta biyu ita ce iyakar abin da zai iya alƙawartawa, wato ram haɗe da pagefile. Idan ta farko ta cim ma ta biyu, manhajoji sai su fara faɗuwa ko da Available yana nuna saura. Ni "alƙawartacce" ta zo mini, amma tana da nauyi a harshe. An kawo "kamun wuri" ma. Malamai, wacce za ku iya faɗa wa mai kwamfuta ta waya ya gane ba sai kun maimaita ba?