Tambaya: lambobin yabon da ke ƙirjin manyan hafsoshi har yanzu suna da daraja kuwa?

Ɗan Tudun Wada:
Salamu alaikum jama'a. Akwai abin da ya daɗe yana min yawo a zuciya na ce bari dai in tambaya ko Allah zai sa a samu masu sani. Duk ranar 15 ga Janairu in ana bikin tunawa da mazan jiya ina zama in kalli fareti a talabijin, abin da nake lura kuwa ƙirjin manyan hafsoshin nan cike yake maƙil da lambobi, layi-layi tun daga bakin aljihu har kusan kafaɗa. Ni kuma kakana na wajen uwa ya je yaƙin Burma, Allah ya jiƙansa, lambobinsa huɗu ne kacal, shi minda yake ce musu, yana ajiye su a wani tsohon gwangwani naɗe cikin tsumma a ƙasan akwati, ba ya fito da su sai da dalili, in ya fito da su ya goge su da toka da lemun tsami har sai sun yi ƙyalli sannan ya fara ba mu labarin daji da ruwan sama da kayan da suka riƙa ɗauka a ka da abokansa da aka binne a can. Wallahi ko taɓawa ba ya bari mu yi sai mun wanke hannu. To yanzu in mutum ɗaya yana da ashirin, anya darajar tana nan kuwa? Ko yawan rabawa ne ya sa abin ya zama ado? Ba raini ba ne, so nake in gane.

Tsohon Saje:
Wa alaikumussalam ɗana. Allah ya jiƙan tsoho ya kyauta namu zuwan. Na yi shekara ashirin da wani abu cikin kaki kafin in yi ritaya da igiya uku, bari in faɗa maka yadda abin yake. Abin da kake gani a ƙirji ba iri ɗaya ba ne, kashi-kashi ne. Akwai na shekaru, irin su FSS da MSS da DSS da kake gani a bayan sunan hafsa, waɗannan in ka cika wasu shekaru kana aiki ba ka da tabo a fayil ɗinka za su zo maka, ko ka taɓa jin ƙarar harsashi ko ba ka taɓa ji ba. Akwai na zuwa aiki, ka je Laberiya ko Saliyo da ECOMOG, rundunar kiyaye zaman lafiya ta Afirka ta Yamma, a ba ka, ka je Darfur a ba ka na Majalisar Ɗinkin Duniya in ka yi kwana 90, ka je aikin yaƙi da Boko Haram na Lafiya Dole ko Haɗin Kai a ba ka. Akwai na biki ma, kamar na cikar ƙasa shekara 50 da samun 'yancin kai a 2010 da na shekara 100 da haɗe Arewa da Kudu a 2014, wannan kasancewarka cikin aiki a lokacin ya isa. Sai na jarumta, shi ne ɗan kaɗan, kuma shi ne ainihin abin da kake tambaya a kai.

Inda gizo ke saƙar shi ne na jarumtar ba ya zuwa haka nan, sai wani ya zauna ya rubuta cewa wane ya yi kaza ranar kaza, kwamanda ya sa hannu takardar ta hau sama. To wa ke riƙe da biro? Hafsa. A Saliyo na ga wani kofur da idona, an yi mana kwanton ɓauna a hanya, ya koma baya har sau biyu cikin ruwan wuta ya saɓo mutum biyu a kafaɗa, na biyun jininsa ya jiƙa masa riga sharkaf har cikin but, ya sauke shi ya zauna a gindin bishiya hannunsa na rawa ya kasa buɗe gorar ruwa sai ni na buɗe masa. Ba wanda ya rubuta komai. Ogan da ke kanmu an canza masa wajen aiki bayan sati uku magana ta bi ruwa. Lambar da aka ba shi ita aka ba ni ita aka ba mai dafa abinci. Kura da shan bugu gardi da karɓar kuɗi, har yau in na tuna raina ɓaci yake.

Malam Na-Zazzau:
Saje ya gama magana, ni dai zan ɗan ƙara ta ɓangaren tarihi, don wannan ƙorafin ba a Najeriya aka fara shi ba. Lokacin da Amurka ta mamaye tsibirin Giranada a 1983 sojan ƙasansu sun raba lambobi 8,612 alhali sojojin da suka taka tsibirin ba su wuce wajen 7,000 ba, har da waɗanda ke zaune a ofis aka ba, jaridunsu suka yi ta surutu a kai. A 2013 kuma suka ƙirƙiro lamba ta musamman don masu sarrafa jirgi mara matuƙi daga nesa, suka ɗora ta sama da wasu lambobin bakin daga, tsofaffin sojoji suka yi ca a kai dole aka soke ta cikin wata biyu. Kada ma a zo maganar Idi Amin da ya riƙa manna wa kansa da kansa, ko Brezhnev na Tarayyar Sobiyet da aka ba shi lambar nasara mafi girma a 1978 aka dawo aka soke ta a 1989 bayan ya mutu saboda bai cancanta ba. Ka kwatanta da Victoria Cross, lambar jarumta mafi girma ta Ingila, tun 1856 aka ƙirƙiro ta amma har yau ba a ba da 1,400 ba, shi ya sa in aka ce wane yana da ita kowa ke nutsuwa.

Amma Ɗan Tudun Wada ka yi haƙuri da abin da zan faɗa, tauraron Burma da ke cikin gwangwanin kakanka shi ma lambar zuwa aiki ce, duk wanda ya yi wannan yaƙin an ba shi, dubban mutane. Abin da ya ba ta nauyi a gidanku shi ne kun san wahalar da ke bayanta. Kuma Turawan Ingila ma da can bambanci suke yi, lambar jarumtar hafsa daban ta ƙaramin soja daban ko da aiki iri ɗaya suka yi, irin ta ƙananan ce aka ba Samanja Chari Maigumeri wanda barikin Lokoja ke ɗauke da sunansa. Sai a 1993 suka daina wannan rabon suka haɗe.

Ummu Sadiq:
Ni fa gaskiya ban ji daɗin yadda ake nuna kamar hafsoshi a kwance suke samun abin nan ba. Mahaifina hafsa ne har ya yi ritaya, a bariki muka tashi, na san watannin da muka yi ba ma ganinsa na san yadda mamanmu ke kwana kan sallaya in an ce an kai hari inda suke. Shekara talatin mutum yana yawo daga wannan gari zuwa wancan, yaransa suna canza makaranta kusan duk shekara biyu, in aka ba shi lamba don ya riƙe amana bai ɓata sunansa ba ai ba kyauta aka yi masa ba. Kuma hafsoshi na mutuwa a bakin daga. Laftanar Kanar Muhammad Abu Ali fa, wanda ake kira Sarkin Yaƙi, da shi aka ƙwato Baga da Monguno, aka yi masa ƙarin girma daga manjo a 2015 saboda jarumta, aka kashe shi a Malam Fatori a watan Nuwamba 2016, wa zai ce nasa ado ne? A Okuama ta jihar Delta ma a watan Maris 2024 cikin sojoji 17 da aka kashe huɗu hafsoshi ne har da kwamandan bataliyar. Don Allah a riƙa warewa kada a yi musu kuɗin goro.

Tsohon Saje:
Hajiya gaskiyarki, ban ce duka ba, na yi aiki da hafsoshin da in suka ce a shiga wuta zan shiga don su ne a gaba. Amma ki duba Okuamar da kika ambata, rana ɗaya suka mutu wuri ɗaya suka mutu, da aka zo karramawa hafsoshin huɗu aka ba su lambar girmamawa ta ƙasa ta MON sauran 13 aka ba su wata lamba daban. Wannan ne ke mana ciwo mu na ƙasa.

abba_kd:
ni dai a ganina ko lamba dari aka ba mutum in ya bar aiki yana bin layin fansho yaransa ba kudin makaranta to me ta kara masa, makwabcinmu tsohon soja ne kafarsa daya ta lalace lambobinsa na rataye a bango amma kudin magani sai an hada masa a masallaci wlh abin tausayi

Ɗan Tudun Wada:
Na gode ƙwarai, wallahi na ƙaru, ban taɓa sanin tauraron tsoho na kowa da kowa ba ne. Baba Saje shi kofur ɗin nan yana raye kuwa? Kuma ba yadda za a yi a rubuta masa yanzu tunda kai shaida ne?

Tsohon Saje:
Yana nan da ransa, ya koma ƙauyensu yana noma, muna gaisawa ta waya lokaci-lokaci. Rubutu kam ya wuce ɗana, mu da muka gani mun bar aiki wasu sun rasu. Amma ɗaya daga cikin mutum biyun da ya saɓo ya rayu, da ya haifi ɗa namiji sunan kofur ɗin ya sa masa, duk babbar sallah kuma yana aika masa da shadda da kuɗin cefane.