Na'urar auna tsawon saiwa ta ce an kai, hoton radiyo ya ce da saura: wanne za a bi?

Hadiza, Marwa:

Assalamu alaikum manyanmu. Tambayata a kan lokalizata ce, na'urar nan ta auna tsawon ramin saiwar haƙori. Turmin ƙasa ne na farko, mai tsohon cikon amalgam, wato cikon ƙarfe. A saiwar baya na'ura ta tsaya a 0.5 da lim (siririn ƙarfen da ake zura wa ramin saiwa) lamba 15 a milimita 20, amma a hoton radiyo (X-ray) bakin lim bai kai ƙarshen saiwa ba, saura kusan milimita ɗaya da rabi. A ramukan gaba kuwa, lim na shiga allo yake cika, ta hau kuka tun ba a je ko'ina ba. Na'urar ce ba ta da gaskiya, ko kuskuren daga hannu ne?

Dokta Bello, Garwa:

Wa alaikumus salam ƙanwata. Matsala biyu kika kawo, kuma ba danginsu ɗaya ba.

Ta ramukan gaba mai sauƙi ce: wuta ce take bin gajeriyar hanya. Na'urar ba tsawo take aunawa ba. Wuta 'yar kaɗan take turawa tsakanin lim da ƙugiyar da ke rataye a leɓe, tana duba yadda haƙori ke tare ta. Duk abin da ya haɗa lim da dasashi ba ta cikin rami ba, za ta ɗauka an fita saiwa. Lim ya goga amalgam, ko ruwan javel da ake wanke rami da shi ya cika ɗakin ɓargo (kogon da ke tsakiyar haƙori) ya taɓa cikon, ko miyau yana shiga ta gefen da ya rube: kowanne zai sa ta kuka nan take. Ki cire amalgam ɗin idan zai yiwu, ki gina bangon da ya karye, ki sa shingen roba, ki busar da ɗakin da auduga. Ɗaki a bushe, rami da danshi. Idan cikon ba zai ciru ba, ki kula kada jikin lim ya jingina da shi. In an yi duk wannan tana nan tana kuka, kuma ga jini ja yana fitowa, to ki yi zargin an huda ƙasan ɗakin.

Ta saiwar baya ita ce mai magana. Ƙofar da jijiya ke fita sau da yawa ba a tsinin saiwa take ba, a gefe take ɓullowa, hoto kuma inuwa ce kawai, tsinin yake nunawa. Kafin ƙofar akwai maƙurar rami, inda ya fi tsukewa, nan ne ake son aiki ya tsaya. Wani mai bincike, Kuttler, ya auna a 1955 ya samu tazarar kusan rabin milimita tsakanin maƙurar da ƙofar a matasa, ta ɗan fi haka a dattawa saboda ƙaruwar sumuntin saiwa, wato ɓawon da ke lulluɓe ta. Haɗa wannan da ƙofar da ta karkace, lim zai iya zama daidai a wurinsa alhali a hoto kamar bai kai ba.

Sai dai kada ki yarda da 0.5 ɗin nan yadda kika karanta shi. Lambobin allo, 3, 2, 1, 0.5, ba milimita ba ne, matakai ne kawai. Inda na'urar ta fi gaskiya shi ne a sifili, lokacin da bakin lim ya taɓa naman da ke kewaye da saiwa. Ki tura a hankali har ta nuna sifili, ki bari karatun ya zauna kamar daƙiƙa biyar bai yi rawa ba, ki sauko da robar tsayawa da ke jikin lim kan wuri mai faɗi a haƙori, ki zare ki auna a ma'auni, sannan ki rage rabin milimita. Saiwar baya rami ne mai faɗi, lamba 15 na iya yin lilo a ciki. Gwada 20 ko 25, wanda ya kama bango. Lim mai lilo karatunsa ma lilo yake yi.

Hajiya Dokta A'isha, Ngaundere:

Na yarda da Dokta Bello, amma kada yara su ji wannan su jefar da hoto. Na'ura ba ta nuna lanƙwasar saiwa, ba ta nuna rami na biyu da ke ɓoye a saiwar baya, kuma wannan turmin yakan zo da shi. Hadiza, ki sake hoton da lim a tsawon da sifili ya ba ki, ki karkatar da bututun na'urar hoton ta gaba kamar digiri 20. Idan tazarar ta haura milimita biyu, ni ba zan ce ƙofa ce ba sai na tabbatar ba reshen gefe lim ya taɓa ba.

Wuraren da take yawan yaudara: haƙorin yaro da ƙarshen saiwarsa bai rufe ba, da saiwar da ƙurji ya cinye ƙarshenta, a nan takan ba da gajeren tsawo. In kuma ana sake aikin ramin da aka taɓa cikewa, muddin tsohuwar guta (robar cikon rami) na toshe da hanya allo ba zai motsa ba, don wuta ba ta bi ta cikin guta. Haka rami da ya toshe da garin haƙori, ko ya bushe ƙarau. A buɗaɗɗen ƙarshe tsinken takarda ya fi taimako: inda bakinsa ya fara jiƙewa da jini ko ruwa, nan iyakar ramin take.

Abin da ake yawan mantawa: rami mai lanƙwasa yana gajarcewa bayan an buɗe samansa, don hanya ta miƙe. A buɗe sama tukuna a auna, a sake aunawa kafin ciko. Mai na'urar bugun zuciya a ƙirji kuwa, a tuntuɓi likitan zuciyarsa kafin a rataya masa ƙugiya.

Hadiza, Marwa:

Na gode ƙwarai Dokta, na gode Hajiya. To javel ɗin da ke cikin ramin kansa fa, ba ya ɓata karatu? An koya mana a busar sarai.

Dokta Bello, Garwa:

Wannan koyarwar ta tsofaffin na'urori ce. Irin wadda mai bincike Sunada ya ƙera a Japan a 1962 taurin wuta ɗaya take nema, kilo'om 6.5 (ma'aunin taurin wuta) da wani mai bincike, Suzuki, ya gano a karnuka tun 1942, don haka ɗigon ruwa kaɗan ya isa ya ruɗe ta. Na'urar Root ZX ta kamfanin Morita kuwa zango biyu na wuta take turawa, mai kaɗawa sau 400 a daƙiƙa da mai sau 8000, tana duba rabon da ke tsakaninsu. Ruwa yana canja su tare, rabon bai cika motsi ba. Propex, Raypex da Woodpex ɗin Sin da suka cika kasuwa duk da zango fiye da ɗaya suke aiki. Javel, ruwan wanke rami na EDTA mai kashi 17, ko ɗan jini a cikin rami ba matsala ba ne. Ambaliya ce matsala.

Malam Usmanu mai gyaran kayan asibiti, Kuseri:

Likitoci ku yi haƙuri in sa baki. Yawancin na'urorin da ake cewa sun lalace, waya ce ta karye a ciki daidai gindin maƙalar lim, saboda naɗe ta da ake yi tam a jikin na'ura. Gwajin minti ɗaya ne: kunna, haɗa maƙala da ƙugiyar leɓe kai tsaye, allo ya cika. Ana haɗe ki lanƙwasa wayar nan da can, in karatu ya yi tsalle, sabuwar waya ake bukata. In ta zo da ɗan gwajinta a kwali, a yi amfani da shi.

Haƙorin maƙalar yakan yi tsatsa saboda javel da tukunyar tururi, a goge shi. Ƙugiya da maƙala ake dafawa, ban da doguwar wayar. Batir in ya yi ƙasa karatu na rawa, kuma zafin Maris da Afrilu na nan da Injamena, da ke haura digiri 40, yana saurin kashe shi, kada a bar ta a taga ko cikin mota. Ga ɗauke-ɗauken wuta, sai a yi caji tun da dare, a cire caja kafin a sa wa majiyyaci. Ƙugiyar kuma a jiƙa ta kafin a rataya, musamman lokacin azumi da hunturu da leɓe ke bushewa.