Digirin shekara biyu na zanen gini: zai kai 'yata inda take so?

Uwar Biyu:
Assalamu alaikum 'yan uwa mazauna Amurka. Babbar 'yata ta gama sakandare bana, kuma tun tana ƙarama ba ta da zance sai zanen gidaje. Burinta ta zama akitek. Mun zauna da babanta mun yi lissafin kuɗin jami'a na shekara biyar, muka ga abin ya fi ƙarfinmu a yanzu. Malamar da ke ba su shawara a makaranta ta ce ta shiga kwalejin al'umma ta gundumarmu, akwai digirin shekara biyu na zanen gini da kwamfuta, wanda ake kira AAS. Yarinyar ta amince, ni ce hankalina bai kwanta ba. In ta gama, ta zama akitek ke nan? Ana samun aiki da takardar? In kuma daga baya ta so ci gaba, za a lissafa mata shekara biyun nan ko sun tafi a banza? Don Allah wanda ya bi ta hanyar ya faɗa mini gaskiya, ko da ba za ta yi daɗi ba.

Mai Jan Layi:
Wa alaikumus salam Hajiya. Allah ya yi mata albarka. Irin wannan digirin na yi, da shi nake riƙe da iyalina, don haka bari in faɗa miki abin da na sani.

Ba za ta fito akitek ba, kuma gara ta ji haka tun yau. A nan doka ce ke tsare wannan sunan, sai mai lasisin jiha ne zai amsa shi, shi ne kuma ke buga hatimi a kan zane. A yawancin jihohi hanyar ita ce digirin da NAAB, hukumar da ke tantance karatun akitek, ta amince da shi, ko dai B.Arch na shekara biyar ko M.Arch, wato digiri na biyu, sannan awa 3,740 na koyon aiki da NCARB, ƙungiyar hukumomin lasisin akitek na jihohi, ke ƙirgawa, sannan jarrabawar samun lasisi, ARE, mai kashi shida. Akwai jihohin da ke karɓar ƙarin shekarun aiki a madadin wancan digirin, sai ku duba shafin hukumar lasisi ta jiharku.

Abin da za ta zama shi ne mai zanen gini, irina. Akitek ya fito da tsari, mu ne muke mayar da shi takardun da magina za su riƙe a hannu: fulan na kowane bene, fuskokin ginin, yankan da ke nuna cikin bango daga harsashi har rufi, da jerin ƙofofi da tagogi. Ya duba, ya bi da jan biro, ya dawo mana mu gyara. Aiki ne mai mutunci Hajiya, kuma ba ofishin akitek kaɗai ke nema ba, har da injiniyoyi da 'yan kwangila da masu haɗa ƙarafan gini.

Za a koya mata manhajojin zane, wato AutoCAD, wanda kamfanin Autodesk ya fitar tun 1982, da kuma Revit. Ki tabbata kwalejin na koyar da Revit sosai, ba zango ɗaya na a wuce wurin ba. A AutoCAD layi kake ja. A Revit kuwa bangon kansa kake ginawa a cikin kwamfuta, in ka matsar da taga a fulan sai ta matsa a duk sauran zanen. Ofisoshi da yawa sun koma can.

Amma abin da ya fi damuna da sababbin da ke zuwa mana shi ne sun iya manhaja, ba su san gini ba. Manhaja wata shida ta ishi mai himma. Wanda bai san cewa katakon da ake kira 2x4 ainihin kaurinsa inci ɗaya da rabi ne, faɗinsa uku da rabi ba, ko cewa ana jera shi a bango da tazarar inci 16, zai yi zane mai kyan gani wanda kafinta ba zai iya aiki da shi ba. Haka dokar ADA ta 1990 kan naƙasassu: a ginin jama'a dole ƙofa ta bar sararin inci 32 don keken guragu ya wuce. Ki ce mata darasin kayan gini da na dokokin gini su ne ƙashin bayan karatun, kada ta raina su. In ta sami dama lokacin hutu, ta je inda ake gini ta tsaya ta kalli yadda ake ɗaura bango.

Ƙanwarku:
Anti, maganar ci gaba nake son in taɓa, don a nan mutane ke kuka. An tsara AAS ne don a fita a kama aiki, shi ya sa jami'a ba lallai ta karɓi duk kiredit ɗinsa ba, wato ma'aunin darussan da aka ci, ko da yake sun kai 60 ko sama. Darussan zane na sashen akitek jeri ne da su, zango bayan zango, wani lokaci sai a ce mutum ya faro daga na farko. Kafin ta yi rajista, ku je ofishin kwalejin ku tambaya ko suna da rubutacciyar yarjejeniyar canjin makaranta da wata jami'a mai B.Arch. Ku karɓi takardar a hannu, ku kuma kira jami'ar ku ji daga bakinsu. In babu, ku tambayi digirin AS ko AA, su ma na shekara biyu ne, su aka fi tsarawa don mai niyyar wucewa jami'a.

Baban Yara:
Hajiya ku cika FAFSA, fom ɗin neman tallafin kuɗin karatu na gwamnati, da wuri. In 'yar ƙasa ce ko tana da girin kad, za ta iya samun tallafin Pell, wanda ba bashi ba ne. Kada kuma ku sayi manhaja, Autodesk na bai wa ɗalibai kyauta, ana sabuntawa duk shekara. Kwamfuta dai ku sayi mai Windows, don Revit ba ya hawa Mac kai tsaye.

Uwar Biyu:
Na gode ƙwarai, Allah ya saka da alheri. Na karanta mata, ta yi shiru da ta ji maganar lasisi, amma ta ce tana so duk da haka. Malam Mai Jan Layi, me masu ɗaukar aiki suka fi dubawa?

Mai Jan Layi:
Zanenta za su ce ta nuna, Hajiya, kafin su tambayi maki. Ta adana aikin kowane zango tun daga na farko, musamman cikakken zanen gida ɗaya daga harsashi zuwa rufi, mai awo daidai da rubutu mai tsabta. A zango na uku ta fara neman aikin wucin gadi ta hannun malamanta, don da yawansu suna aiki a ofisoshi da rana suna koyarwa da yamma.